Gonar Aro a Intanet: Sauye-sauyen Dokokin Dandalin Watsa Wasan Gem da Matashin Kanan-Bakashe

A ranar 27 ga Fabrairun 2024 kamfanin Twitch ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya bar Koriya ta Kudu. Wannan dandali, wanda aka kafa a 2011 kuma Amazon ya saya a 2014 kan kusan dalar Amurka miliyan 970, shi ne babbar farfajiyar da 'yan wasan gem ke watsa wasansu kai tsaye jama'a na kallo. Koriya kuwa uwa ce a fagen gasar gem. Shugaban kamfanin, Dan Clancy, ya ce kuɗin da kamfanonin sadarwar ƙasar ke karɓa ya ninka na yawancin ƙasashe kusan sau goma. Waɗanda suka shafe shekaru suna tara mabiya suka wayi gari dole su koma dandalin AfreecaTV ko na Chzzk su yi sabon lale.

Da wannan misali na fara saboda yana fito da abin da muhawara kan waɗannan dandali ta saba tsallakewa. Galibin masu sharhi sun fi damuwa da rabon kuɗi: nawa kamfani zai ɗauka, nawa zai bar wa mai watsa wasa. Matsayin wannan maƙala shi ne, ga matashi a wuri irin Kanan-Bakashe ta gundumar Mayahi a jihar Maraɗi ta Nijar, dokar da ta fi yanke masa hukunci ita ce ta ƙasa: ko kamfani ya san da zaman ƙasarsa, da darajar da ya ɗora wa masu kallonsa, da hanyar da kuɗi za su bi su iso hannunsa.

Rigimar rabon ba ta da wuyar bayani. A Satumban 2022 Twitch ya sanar cewa manyan 'yan wasan da ke karɓar kashi 70 cikin ɗari na kuɗin rajistar wata-wata za su koma kashi 50 da zarar abin da suka samu ya haura dalar Amurka 100,000. A watan da ya biyo baya ya haramta watsa wasu shafukan caca, ciki har da Stake, sai ga masu Stake ɗin sun tsaya wa sabon dandali mai suna Kick, wanda ke barin kashi 95 ga mai watsa wasa. A Yunin 2023 Twitch ya fito da dokar taƙaita tallan da mutum ke sa wa a wasansa, har ya ce tambarin mai talla kada ya wuce kashi 3 na fuskar allo. Manyan 'yan wasa suka yi ca, ba a kwana biyu ba ya janye. A Janairun 2024 ya soke iyakar dala 100,000 ɗin ma. Abin lura a nan shi ne, duk inda aka janye doka, masu miliyoyin mabiya a Amurka da Turai ne suka yi barazanar ƙaura.

Matashin Kanan-Bakashe ba ya cikin wannan ciniki. Ƙasarsu ta noman gero da wake da gyaɗa ce, a yankin Gulbin Kaba, kuma da an gama girbi matasa da yawa kan tafi cin rani. Gem ɗin da ya shigo ƙasar Hausa ta wayar salula ya shigo: PUBG Mobile, Free Fire, eFootball. Kallon kuwa a YouTube da TikTok da Facebook ake yinsa, ba a Twitch ba. To mene ne dokokin waɗannan suka tanadar masa?

A farkon 2018 YouTube ya ɗaga sharaɗin fara samun kuɗin talla zuwa mabiya 1,000 da awoyin kallo 4,000 cikin shekara guda. A 2023 ya buɗe wata ƙaramar ƙofa ga mai mabiya 500. Amma kafin a zo ga lissafin mabiya akwai sharaɗin da ba a cika ambata ba: dole mutum ya kasance mazaunin ƙasar da shirin biyan ya shafa. A jerin da YouTube ya daɗe yana aiki da shi akwai Najeriya da Gana da Senegal, babu Nijar. Ke nan yaro biyu masu harshe ɗaya, ɗaya a Jibiya ta Najeriya ɗaya a Mayahi, za su iya buga wasa iri ɗaya ga masu kallo iri ɗaya, a biya na farko a hana na biyu. Dabarar da ta rage wa na biyun ita ce ya buɗe asusu da sunan ɗan'uwa a Katsina ko Kano. Google, mai YouTube, na aika lambar tantancewa ta gidan waya zuwa adireshin da aka bayar, ba ya kuma biya sai kuɗi sun kai dalar Amurka 100. Wanda ya bi wannan hanya ya mallaka wa wani guminsa a rubuce, kuma ranar da iyaka ta rufe, kamar yadda ta rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai ya jira.

Ko an shiga jerin ma, akwai mataki na biyu. Tun 2021 Twitch ke sa farashin rajista gwargwadon ƙasar mai kallo, kuma daga Yunin 2024 abin da yake biya kan rajistar Prime ta Amazon ya zama ƙayyadadden kuɗi da ya danganta da ƙasar wanda ya yi rajistar. Kuɗin talla a YouTube ma haka yake tafiya: kallo daga Jamus ya fi kallo daga Tasawa tsada nesa ba kusa ba. Sakamakon wannan ga harshe ba ƙarami ba ne. Mai watsa wasa da Hausa yana tara jama'ar da kasuwar talla ta yi wa farashi mai arha, don haka tsarin da kansa ke tura shi ga Faransanci ko Turanci, a daidai lokacin da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Maris ɗin 2025.

Saura TikTok, inda ake samun kuɗi ta kyaututtukan masu kallo a lokacin laif. A Nuwamban 2022 kamfanin ya ɗaga shekarun mai yin laif daga 16 zuwa 18. Dalilin kare yara abin a yaba ne, sai dai a ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su wuce shekara 15 ba, dokar ta fi cizo. A wannan shekarar ce kuma binciken BBC a sansanonin 'yan gudun hijirar Siriya ya gano cewa kamfanin kan riƙe har kashi 70 na darajar kyaututtukan. Tsarin da ya dogara da kyauta ya fi saka wa roƙo da hayaniya fiye da gwaninta a wasa.

Manomin Mayahi ya san wannan hali tun kafin zuwan salula. Wanda ke noma a gonar aro ba ya dasa itace, ba ya zuba taki mai yawa, don bai san ko zai sake nomanta baɗi ba. Sassabin zamani, wanda ya farfaɗo da itatuwa a gonakin jihar Maraɗi daga shekarun 1980, ya yi ƙarfi ne sa'ad da manoma suka tabbata cewa itacen da suka raina nasu ne. Mai watsa wasa ba shi da wannan tabbaci. A Nuwamban 2022 YouTube ya tsaurara doka kan ashar da hotunan tashin hankali, ya kuma zartar da ita har kan bidiyon da aka ɗora shekaru kafin a yi ta, 'yan gem suka ga tsoffin ayyukansu sun daina kawo kuɗi. Sai a Maris ɗin 2023 aka sassauta. Microsoft ma ya rufe dandalinsa na Mixer ɗungurungum a Yulin 2020.

Za a iya cewa kamfanonin nan ba gidan sadaka ba ne. Gaskiya ne. Clancy da bakinsa ya ce Twitch ba ya cin riba, kuma a Janairun 2024 ya sallami ma'aikata kusan 500. Kasuwar talla a Nijar ƙarama ce, biyan kuɗi ta banki na da wuya a inda jama'a suka fi sabawa da kamfanonin tura kuɗi irin su NITA da Al Izza da Amana. Amma wannan hujja tana da iyaka. Kamfanonin ba su hana ɗan Nijar kallo ba, ba su ƙi karɓar bidiyonsa ba, shi ne kuma ke sayen data daga Airtel ko Moov ko Zamani don ya ɗora musu. Aiki yana shiga, lada ne kawai ba ya fitowa. A gida kuma, dokar laifukan intanet da aka maido wa hukuncin ɗauri a Yunin 2024 tana hawa kansa tun bai samu ko dala ba.

Jerin ƙasashe ba saukakken abu ba ne, zama ake yi a sauya shi. A Maris ɗin 2024 Nick Clegg na kamfanin Meta ya gana da Shugaba Bola Tinubu a Abuja da Shugaba William Ruto a Nairobi, kuma kafin shekarar ta ƙare an buɗe wa masu ɗora bidiyo na ƙasashen biyu hanyar samun kuɗin talla a Facebook. Ya kamata ma'aikatar sadarwa ta Nijar da hukumar ARCEP mai sa ido kan kamfanonin sadarwa su nemi irin wannan zama, tare da Mali da Burkina Faso don kasuwar ta yi nauyi, su kuma sa batun biya ta asusun salula a sahun farko na buƙatunsu.