Rabe-Raben Dabbobi Bisa Ƙirar Jikinsu

Masana kimiyya sun kasa dabbobi gida biyu: masu ƙashin baya da marasa shi.

Masu ƙashin baya rukuni 5 ne: kifaye, kwaɗi da danginsu masu laushin fata, masu jan ciki kamar maciji da kada, tsuntsaye, sai masu shayarwa kamar shanu, awaki da jemage.

Marasa ƙashin baya su ne mafiya yawa. Ƙwari irin su fara da sauro ƙafa 6 gare su, kunama da babbar kaska ƙafa 8, tana kuwa ba ta da ƙafa.

Muna kira ga manoma da makiyaya da su riƙa bayyana wa malamin gona ko likitan dabbobi siffar abin da ya addabe su, domin magani ya danganta da rukuni.