Kwanson Harsashi: Tarihin Ɗurin Hannu da Sayen na Masana'anta

Ɗalibin harshe zai so ya fara da kalmomin kansu. Bindiga da albarushi da harsashi duka aro ne daga Larabci, kuma asalin kalmar da ta ba mu harsashi yana nufin dalma ne, wato abin da ake narkawa a zuba ƙwayar da ke fita daga bakin bindiga. A zamanin bindigar toka mai harbi shi ke ɗura kayansa da kansa: ya zuba albarushi ta baki, ya bi shi da dalma ko guntayen ƙarfe, ya danna da sanda. Tambayar ko a saya ko a ɗura ba ta taso ba sai da aka ƙago harsashi mai kwanson tagulla, a tsakiyar ƙarni na 19.

Shi wannan harsashi abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso, akwai albarushi a cikinsa, akwai ƙwaya a bakinsa, sa'an nan a gindinsa akwai wata ƴar mitsitsiyar hula wadda ke ba da tartsatsi in an doke ta. In an yi harbi ukun sun tafi, kwanso kaɗai ke saura, kuma shi ne ya fi sauran tsada. Duk wanda ya ga haka dole ya yi tunanin ko zai sake cika shi.

A shekarar 1866 mutum biyu suka yi rajistar irin tasu hular. Ɗaya Kanar Edward Boxer ne na ma'aikatar makamai ta Woolwich a Ingila, ɗayan kuma Hiram Berdan na Amurka. Kwanson Boxer rami ɗaya gare shi a tsakiya, don haka cire tsohuwar hula ba wuya. Na Berdan ƙananan ramuka ne a gefe, cire hularsa aiki ne ja. Abin dariya a nan shi ne, Amurkawa suka rungumi ƙirar Baturen Ingila, ƙasashen Turai kuwa suka fi bin ƙirar Ba'amurke. Wannan musaya tana cikin dalilan da suka sa ɗurin hannu ya yi saiwa a Amurka fiye da ko'ina.

Waɗanda suka fara cin moriyarsa sosai su ne maharban baunar Amurka na shekarun 1870. Mutum yana iya yin watanni a daji, nesa da kanti, yana harbi da bindigar Sharps don ya sayar da fata. Maimakon ya cika keken doki da akwatunan harsashi, sai ya ɗauki dalma da albarushi da huluna. Da dare a bakin wuta ya wanke kwansuna, domin tokar baƙin albarushi tana cin tagulla, ya narka dalma ya zuba ƙwaya, ya ɗura na gobe. A wurinsa lissafin a fili yake, tun da kowane harbi daga cikin ribar fata ake cire shi. Lissafin ya yi wa maharba kyau, amma bai yi wa baunar ba: dabbar da ake ƙirga ta da miliyoyi, a ƙidayar William Hornaday ta 1889 ba ta wuce dubu ɗaya da ƴan kai ba.

Inda kasuwa ta rufe

A Afirka kuwa maganar ta wuce ta araha. Ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai da wasu suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels. Da sunan hana cinikin bayi aka yi ta, amma a ciki an ƙuntata sayar da bindigogin zamani da harsasansu a yankin da ya kama daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu. An bar ƙofa ga tsofaffin bindigogi masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ma'anar wannan ga sarkin da ke da bindigar zamani ita ce, ranar da harsashinsa ya ƙare, abin da ke hannun dakarunsa ya koma sanda.

Samori Ture ya gane haka da wuri. Ya daɗe yana sayen makamai ta hanyar Firitawun a Saliyo, kuma da hanya ta fara toshewa sai ya dogara ga maƙeransa. Su suka riƙa gyara bindigogi, har suna kwaikwayon ƙirar bindigar Gras ta Faransa, suna kuma sake cika kwansuna. Dakarunsa kan tsince kwanson da aka harba su kai wa maƙera. Wanda yake son ya bi wannan labari daki-daki sai ya nemi littafin Yves Person mai juzu'i uku a kan Samori. Abin da ya taimaki maƙeran shi ne bindigar Gras ta 1874 da baƙin albarushi take aiki, ƙwayarta kuma dalma ce, duka biyun ana iya samar da su a gida. Da haka Samori ya yi ta fafatawa da Faransawa har suka kama shi a watan Satumba na 1898.

A Sudan ma haka aka yi. Mahadawa sun gaji bindigogin Remington masu yawa daga sojan Masar, musamman bayan da suka murƙushe rundunar Hicks Pasha a Shaikan a 1883, da kuma faɗuwar Hartum a watan Janairu na 1885. Halifa Abdullahi ya riƙe ma'aikata inda ake yin albarushi ana sake ɗura kwansuna, har wani fursuna Bajamushe mai suna Charles Neufeld an sa shi aikin tace gishirin da ake haɗa albarushi da shi. Sai dai kwanson da aka ɗura sau da yawa yakan gaji ya tsage, albarushin da bai tacu ba kuma ba ya kai ƙwaya nesa. Ranar 2 ga Satumba 1898 a Omdurman wannan harsashi ya gamu da na masana'antar Ingila da bindiga mai jigida ta Maxim. Mahadawa kimanin dubu goma suka mutu, ɓangaren Ingila da Masar kuwa ba su kai hamsin ba. Ba harsashi kaɗai ya jawo haka ba, amma ba na jin za a iya cire shi daga lissafi.

Nan kusa da mu, Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya sa an yi albarushi an kuma zuba igwa a Zinder. Rabe, wanda ya ci Borno a 1893 ya zauna a Dikwa, shi ma ƙishin harsashi bai bar shi ba. A 1895 ya nemi Kamfanin Neja na Turawan Ingila ya sayar masa da albarushi da harsashi, bai samu ba. Faransawa suka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900.

Akwai wani abu da ya ƙara nisanta maƙeri da masana'anta. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi marar hayaƙi, a 1886 aka fito da bindigar Lebel mai aiki da shi. Baƙin albarushi gawayi ne da farar wuta da gishirin nan, mai haƙuri yana iya haɗa shi. Sabon kuwa aikin masana sinadarai ne, babu maƙerar da za ta yi shi.

Lissafin mai sha'awa

A Amurka ɗurin hannu bai mutu ba, ya dai koma sha'awa. Tun 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal mai sayar da kayan ɗuri na hannu. A 1943, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya janye harsashi daga kantuna, Fred Huntington ya fara sana'ar da ta zama kamfanin RCBS. A 1958 Richard Lee ya fito da ɗan ƙaramin kayan ɗuri mai araha wanda talaka zai iya saya.

Lokacin da nake karatu a waje na yi maƙwabtaka da wani dattijo mai wannan sha'awa. Na tambaye shi ko yana samun sauƙi, sai ya yi dariya ya ce kuɗin da yake kashewa bai ragu ba, harbin ne ya ƙaru. Bari mu gwada da alƙaluma na misali kawai. Mu ɗauka kayan aiki sun ci dala 400, kuma kowane harsashi na ɗuri ya fi na kanti araha da rabin dala. Ke nan sai mutum ya ɗura 800 kafin ya mayar da uwar kuɗinsa. Mai zuwa filin gasa kowane mako zai kai wannan adadi cikin ƴan watanni. Maharbin da ke harba ashirin a shekara kuwa sai ya yi shekara arba'in. Ba mu ma sa kuɗin lokacinsa ba, ko haɗarin kuskuren awo wanda kan fasa bindiga a hannun mai ita. Harsashin da ake bugawa da yawa, irin na soja, na kanti yakan yi arahar da ɗuri ba ya biya. Riba tana wajen manyan harsasai da waɗanda ba a cika samu ba, da kuma wajen mai son ya daidaita harsashi da bindigarsa don saiti.

Da yawa daga masu ɗuri a can sukan ce sun ƴantu daga masana'anta, kuma a nan ne nake ganin sun yi kusa da maƙeran Samori fiye da yadda suke zato. Kwanso ana tsinta, dalma ana narkawa, amma ƴar hular nan da albarushin zamani sai an saya. A 2020 da 2021, da annobar korona ta zo aka yi rububin sayen bindigogi a Amurka, kamfanoni suka karkatar da hulunan da suke yi zuwa harsasan da suke bugawa da kansu. Masu ɗuri suka wayi gari da buhunan kwanso a wanke, suna bin kantuna ɗaya bayan ɗaya suna tambayar ko hula ta iso.