Nasiha da Tunzuri: Ina Iyakar 'Yancin Faɗar Albarkacin Baki?

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗar albarkacin bakinsa, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro da zaman lafiya da haƙƙin wasu. Kowa ya amince akwai iyaka. Gardamar tana kan wanda zai shata ta da wanda za ta kare. Matsayar wannan maƙala ita ce, cutarwa ga jama'a ce kaɗai ke halatta rufe bakin mutum, ɓacin ran mai mulki bai isa dalili ba.

Tarihin ƙasar Jega ya ɗanɗani wannan gardama tun kafin zuwan Turawa. Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu, shi ne jagoran jama'ar Gimbana, waɗanda harin da Gobirawa suka kai musu yana cikin musabbaban hijirar 1804. Bayan rasuwar Shehu a 1817, daga Kware ya yi ƙorafi a kan rabon iko da zaluncin da yake gani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya amsa masa a rubuce, ya kuma adana musayar wasiƙun nasu a littafinsa Sard al-Kalam. Lamarin ya ƙare da yaƙi, Abdussalami ya rasu a 1818, ɗansa Buhari ya kafa Jega daga baya. Mai nasara ne ya rubuta labarin, dole a karanta shi da lura. Duk da haka, ya nuna cewa ana mayar wa hujja da hujja, har hujjar abokin hamayya ta tsira a takarda. Malam Abdullahi na Gwandu ma ya soki son duniyar wasu 'yan jihadi a littafinsa Tazyin al-Waraƙat. Ke nan tushen wannan 'yanci a wurinmu nasiha ce: shugaban da ba ya jin gyara ya cuci kansa da talakawansa.

Gwamnatocin zamani sun sha karkatar da iyakar zuwa kare kujera. Dokar soja ta 4 ta 1984 ta ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor. A 1988 aka haramta ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU, wadda Attahiru Jega ya shugabanta. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya mayar da saƙon da ke ɓata rai laifi, sai a 2024 aka gyara shi. Kotun ECOWAS kuma ta ce rufe Twitter da aka yi a 2021 ya saɓa doka.

Masu neman a tsaurara iyakar suna da hujja, domin jita-jita a WhatsApp tana iya tayar da gari cikin sa'a guda, ƙazafi kuma yana zubar da mutuncin da ba ya dawowa. Amma maganin shi ne doka bayyananniya, da alƙalin da zai auna ko magana ta tunzura jama'a ko ta ƙaga wa wani ƙarya. Taron fusatattu ba kotu ba ne, haka ma ofishin ɗan siyasa.

Manomin albasa na Aliero da ya tambayi inda takin gwamnati ya maƙale, ko ɗan Maiyama da ya ɗauki hoton asibitin da babu magani, nasiha yake yi. Wajibin hukuma ne ta ba shi amsa da bayani, doka kuma ta tsare shi daga kamu.