Daga Tashar Kano Zuwa Wadata: Tarihin Wasan Kumbo da Masu Yi Masa Kwaskwarima

Kwanakin baya wani maƙwabcina a nan Wadata ya tare ni bayan sallar la'asar, ransa a ɓace. Ɗansa mai shekara 14 ya matsa masa da roƙon kuɗi, wai zai sayi ƙarin kaya a cikin wani wasan harba kumbo da ke cikin salula, kuma ya ji ana cewa wasu sababbin abubuwa suna nan tafe. "Malam," in ji shi, "kai da ka san boko, wannan abu karatu ne ko ɓata lokaci?" Ban ba shi amsa nan take ba, domin tambayar tana da tarihi na fiye da shekara 60. Shi ne nake son shimfiɗa wa iyaye da 'yan'uwana malamai a nan, kowa ya yi wa kansa alƙalanci.

Ran 20 ga Fabrairun 1962, John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya cikin kumbo. Sau uku ya kewaya, cikin ƙasa da awa biyar. Hukumar NASA ta kafa tashoshi a sassan duniya don bin sawun kumbon, ɗaya daga cikinsu kuwa a Kano take. Da Glenn ya iso sararin wannan yanki namu, ya shaida wa ma'aikatan tashar cewa yana hangen ƙura ta turnuƙe, suka amsa masa da cewa iska ta yi mako guda tana kaɗawa. Lokacin hunturu ne, kowa ya san halin hazonsa. Ke nan ƙasar Hausa tana cikin labarin tafiya sararin samaniya tun daga farkonsa, ko da yake yaranmu ƙalilan ne suka taɓa jin haka a aji.

A cikin wannan watan dai, a jami'ar MIT ta Amurka, wani matashi mai suna Steve Russell ya haɗa wani wasa da ya kira Spacewar!, a kan kwamfutar PDP-1 wadda kuɗinta ya kai dalar Amurka 120,000. Kumbo biyu ne suke farautar juna a kan allo. Abin lura shi ne Russell bai kulle aikinsa ba. A kan zirin takarda mai huje-huje aka adana shi, aka ajiye kusa da na'urar, duk mai so ya kwafa ya gyara. Dan Edwards ya sa tauraro a tsakiyar allon, mai jan kumbo zuwa gare shi, ta yadda dole mai tuƙi ya koyi kewaya shi ko ya faɗa ciki. Peter Samson bai ji daɗin ɗige-ɗigen da aka watsa da sunan taurari ba, sai ya ɗauko kundin masana falaki ya shigar da taurarin gaskiya na tsakiyar sama, cikinsu har da waɗanda ke bi ta tsakar kanmu a Yamai. Martin Graetz ya ƙara dabarar ɓacewa don tsira. Alan Kotok da Bob Saunders kuma suka haɗa akwatunan tuƙi da tarkacen da suka tsinto. Wannan shi ne abin da a yau ake kira yi wa wasa kwaskwarima: mai wasa ya buɗe cikinsa, ya cire, ya ƙara, ya raba wa wasu. Tare da wasan kumbo aka haifi wannan al'ada.

Bayan shekara bakwai, 'yan watanni da saukar Apollo 11 a kan wata a 1969, wani ɗalibin sakandare a garin Lexington mai suna Jim Storer ya rubuta wasan saukar da kumbo a kan wata. Babu hoto ko ɗaya a ciki. Kwamfuta takan faɗa maka tsawon da ya rage da saurin da kake yi, kai kuma ka zaɓi yawan man da za ka ƙona kowace daƙiƙa goma. In ka yi rowar mai ka tarwatse, in ka yi almubazzaranci man ya ƙare kana sama. A 1973 David Ahl ya buga irin wannan wasa cikin wani littafin wasanni na harshen BASIC, yara suka riƙa kwafe shi da hannu layi-layi. Wanda ya kwafi abu da hannunsa kuwa ba ya rasa canza wani abu a ciki: wannan ya ƙara nauyin kumbo, wancan ya rage mai, ya ga abin da zai faru. Da yawa daga nan suka fara koyon rubuta manhaja.

A shekarar 2000 Martin Schweiger, wani mai bincike a wata jami'a ta birnin Landan, ya fito da Orbiter kyauta. Shi wannan bai yi sassauci ba, dokokin kimiyyar lissafin motsi ya bi sau da ƙafa. Masu sha'awa suka yi ta gina masa ƙari, har wasu suka sake gina kumbon Apollo a cikinsa, suka sa shi yana aiki da ainihin manhajar da kwamfutar kumbon ta yi amfani da ita. A 2021 Schweiger ya saki asalin rubutun manhajar ga kowa.

Wanda ya fi shahara dai shi ne Kerbal Space Program. Felipe Falanghe, ɗan ƙasar Brazil, yana aiki a wani kamfanin talla mai suna Squad a birnin Meziko. Tun yana yaro yakan kwance kayan tartsatsin wuta ya haɗa 'yan rokoki, ya ɗaura musu mutum-mutumin takardar alminiyon da ya laƙaba wa suna Kerbal. Daga wannan ƙiriniya wasan ya samo asali. An fara sakinsa a Yunin 2011, cikakkensa ya fito a Afrilun 2015. A ciki mai wasa ne ke haɗa rokarsa: tanki, inji, matakai, laimar sauka. Duniyar wasan, Kerbin, ƙarama ce, kilomita 600 daga tsakiyarta zuwa doronta, don haka gudun mita 2,300 a daƙiƙa ya isa a kewaya ta. Tamu duniyar tana buƙatar wajen mita 7,800 a daƙiƙa, gudun da zai kai mutum Maraɗi daga Yamai cikin ƙasa da minti ɗaya da rabi.

Me yaro ke koya a nan? Yana gane cewa kewaya duniya ba tashi sama kawai ba ne, faɗowa ce da ake yi tare da gudu a kaikaice, har ƙasa ta riƙa kauce wa mai faɗowar. Yana gane cewa in kana son cim ma kumbon da ke gabanka a falaki ɗaya, rage gudu za ka yi ka sauko ƙasa kaɗan, domin na ƙasa ya fi saurin kewayawa. Yana gane cewa ƙara mai ƙara nauyi ne, shi ya sa ake yar da tankin da ya ƙare. Wannan lissafi na ƙarshe Konstantin Tsiolkovsky ya wallafa shi a 1903, shi kuwa malamin makaranta ne a garin Kaluga na Rasha, kunnensa ma ba ya ji sosai.

Bayanan kowane sashe na roka a Kerbal, nauyinsa da ƙarfinsa, a rubuce suke cikin fayil na rubutu zalla da kowa zai iya buɗewa. Nan masu kwaskwarima suka samu ƙofa. MechJeb ya kawo matuƙi mai sarrafa kansa. Kerbal Engineer ya nuna lissafin iyakar saurin da man roka zai iya ba ta. Ferram Aerospace Research ya gyara yadda iska ke tokare jirgi. Deadly Reentry ya kawo zafin da kumbo ke sha in zai dawo. Real Solar System ya maye gurbin duniyoyin wasan da na gaskiya. Daga baya kamfanin ya bi sawunsu: ya shigar da zafin dawowa da sabon tsarin iska a 2015, lissafin mai a 2018, agogon tunatarwa a 2021, ya kuma ɗauki wasu daga cikin masu kwaskwarimar aiki. NASA da kanta ta haɗa hannu da shi a 2014 kan wani sashe na kamo dutsen sararin samaniya, aka kuma fitar da KerbalEdu domin makarantu.

Sai ɗaya ɓangaren labarin, wanda ya shafi aljihun iyaye. A 2017 kamfanin Take-Two ya sayi wasan. A Agustan 2019 aka sanar da Kerbal Space Program 2, tare da alkawura manya: gina matsuguni a wasu duniyoyi, tafiya zuwa wasu taurari, da wasan mutane da yawa a lokaci ɗaya. An ce 2020 zai fito. Bai fito ba sai ran 24 ga Fabrairun 2023, shi ma ba a gama shi ba, aka sa masa farashin kusan dalar Amurka 50 bisa cewa sauran na tafe. A tsakiyar 2024 aka rufe Intercept Games, reshen da ke aikin, ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗancan abubuwa uku ya iso ba. Waɗanda suka biya sun yi cinikin biri a sama. Abin mamaki, duka ukun akwai su a tsohon wasan tun da daɗewa, 'yan sa-kai ne suka gina su kyauta.

Darasin da na ɗauka daga wannan tarihi guda ne. Amfanin waɗannan wasanni ga ilimi daga hannun masu buɗe su suna gyarawa ya fito, tun daga Samson da taurarinsa har zuwa yau. Alkawarin abin da ke tafe kuwa talla ne, yana iya cika, yana iya zama romon baka.

Mu kuma wannan hali na kwancewa da haɗawa ba baƙonmu ba ne. Wane ne a cikinmu bai yi motar kara ko ta waya ba, da tayoyin tsohon silifa, yana ƙara mata fitila don ta fi ta abokinsa? Ku leƙa rumfunan masu gyaran salula a kasuwar Wadata, ko maƙeran Katako da ke narka gwangwani su fitar da tukunya. Abin da ya rage shi ne mu haɗa wannan hannu da lissafi. Wurin aikin ma yana nan: cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 da hotunan tauraron ɗan'adam take bin halin damina da amfanin gona a Sahel. A maƙwabta kuma, injiniyoyin Najeriya da suka samu horo a Ingila su suka haɗa tauraron NigeriaSat-X da aka harba a 2011.

Ba na ɓoye matsalolin. Gidaje nawa ne ke da kwamfutar da za ta ɗauki Kerbal? Ga tsadar intanet, ga ɗaukewar wuta. Yawancin yaranmu na salula suke yi, irin su Spaceflight Simulator, wanda tushensa kyauta ne amma ƙarinsa na kuɗi. Akwai kuma wani abu da yara ke kira kwaskwarima alhali sata ce: kwafin wasa da aka fasa don a kauce wa biya. Irinsa sau da yawa yana ɗauke da muguwar manhaja mai satar bayanan waya, ga shi kuma yana koya wa yaro cin haƙƙin wani. Sannan duk kyan wasa, in ya cinye lokacin salla da barci da bitar darasi, ya zama cuta.

Shawarata ga iyaye: kada ku tsaya ga tambayar awa nawa ya yi, ku ce ya nuna muku abin da ya gina. Ku tambaye shi me ya sa rokar farko ta faɗi, me ya canza a ta biyu. In ya iya bayani, karatu yake yi. In ba shi da abin faɗa sai neman kuɗin sabon kaya, to ku ja linzami. Kada kuma ku biya kuɗin abin da aka ce zai zo, ku biya na wanda yake hannu kuma kun ga amfaninsa.

Ga malamai kuwa, wasan Storer ba ya ma buƙatar wuta. Allo da alli sun isa: a raba aji gida biyu, a ba kowane rukuni tsawo da sauri da mai, su yi lissafin sauka mataki-mataki. Inda kwamfuta ɗaya take, a gwada Orbiter tunda kyauta ne. Kerbal yana da Faransanci tun 2018, kalmominsa kuma cikin fayil na rubutu suke, don haka malamin Hausa da na kimiyya za su iya zama da ɗalibai su mayar da sunayen sassan roka zuwa Hausa. Wannan ma kwaskwarima ce, kuma babu wani kamfani da zai yi mana ita.

Da na koma wurin maƙwabcina, na ce ya kira yaron. Ya zo a tsorace, yana zaton faɗa ne. Na ce ya nuna mana rokarsa. Ya nuna mana yadda ya raba ta mataki uku, ya ce da farko biyu ya yi, amma nauyin tankin da ya ƙare ya hana ta kaiwa. Uban ya yi shiru yana kallon allon, can ya ce, "To, wa ya koya maka wannan?" Yaron ya ce sau tara ta faɗi kafin ya gane. Kuɗin dai ba a ba shi ba a ranar. An yi yarjejeniya: awa ɗaya bayan ya gama aikin makaranta, kuma duk ranar Juma'a zai kawo littafin da yake rubuta abin da ya canza da abin da ya biyo baya.