Farfaɗowar Masar a Zamanin Gidan Sarauta na 26

Wajen shekara ta 664 kafin haihuwar Annabi Isa, ƙasar Masar a wargaje take. Assuriyawa sun fatattaki fir'aunonin Kush zuwa kudu, ƙananan sarakuna kuma kowa yana cin gashin kansa. A wannan hali ne Samtik na Ɗaya ya hau gadon sarautar Sayis, wani gari a arewacin ƙasar. Da farko shi yaron Assuriyawa ne, da goyon bayansu ya samu mulki.

Hanya biyu Samtik ya bi wajen haɗa kan ƙasar. A arewa ya ɗauko sojojin haya, Girkawa da mutanen Kariya, ya rinjayi abokan hamayyarsa. A kudu kuwa dabara ya yi: a shekara ta 656 ya tura 'yarsa Nitokris birnin Tebis, aka ɗauke ta magajiyar "Matar Amun", wato wani babban muƙamin addini mai tarin dukiya. Ta haka kudu ta shigo hannunsa ba tare da yaƙi ba. Ya shekara 54 yana mulki. A zamanin gidansa masu sassaƙa suka koma kwaikwayon salon kakanninsu, rubutun Demotik kuma ya bazu a harkokin mulki da ciniki.

Da Babila ta fara ƙarfi, sai Masar ta koma bayan Assuriya, uwargijiyarta ta dā, don ta zame mata katanga. A shekara ta 609 Neko na Biyu ya kashe Yosiya, sarkin Yahuda, a Magiddo, amma a 605 Nebukadnezzar ya ci rundunarsa a Karkemish. Bayansa Samtik na Biyu ya kai yaƙi Kush. Girkawan da ke cikin rundunarsa sun bar sunayensu a ƙafar gunkin Ramsis na Biyu a Abu Simbel, suna nan har yau.

Sai dai dogaro da baƙi yana da nasa tsadar. A shekara ta 570 sojojin Masar 'yan ƙasa suka yi wa Fir'auna Afiris bore, suka naɗa Ahmos. Shi ma bai rabu da Girkawa ba: ya mai da garin Naukratis cibiyar cinikinsu, ya ƙulla ƙawance da Lidiya da tsibirin Samos.

Ƙawancen bai tsare Masar daga Farisa ba. Lidiya ta faɗi, Babila ta bi ta a 539, Samos kuma ta koma ɓangaren Farisa. A shekara ta 525 Kambisis ya ci Samtik na Uku a Felusiyam, gidan sarautar ya ƙare bayan kusan shekara 140. Wasu daga cikin baƙin da suka taimaka aka gina mulkin ba su tsaya masa ba ranar da ya fi bukatarsu.