Takardar Sallama: Yadda Tsofaffin Sojojin Amurka Suka Yi Ta Neman Wanke Sunansu

Tarihinmu na yau zai kai mu Amurka, a kan wata takarda guda da ake miƙa wa soja ranar da zai tuɓe kaki.

A can sallamar soja hawa biyar ce. Ta sama ita ce ta girmamawa, sai ta gama-gari, sai wadda ba ta kai ga girmamawa ba, sai ta mugun hali, sannan ta ƙasƙanci. Biyun ƙarshe kotun soja kaɗai ke yanke su. Abin da aka rubuta a takardar shi ke nuna ko mutum zai samu kuɗin karatu, magani a asibitin tsofaffin soja da rancen gida. Masu ɗaukar aiki ma sukan ce a nuna musu ita. Shi ya sa wanda aka ɓata wa takarda yake ɗaukar tabon har tsufa.

Babu labarin da ya fito da wannan fili kamar na garin Brownsville a jihar Teksas. A daren 13 ga Agusta, 1906, an yi harbe-harbe a garin, aka kashe wani ma'aikacin mashaya, aka raunata jami'in ɗan sanda. Nan take mutanen gari suka ɗora laifin a kan sojoji baƙar fata na runduna ta 25 da ke barikin Fort Brown. Hafsoshinsu, waɗanda Turawa ne, sun ce sojojin suna cikin bariki a lokacin. An tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce bai san wanda ya yi harbin ba.

Shugaba Theodore Roosevelt ya ɗauki wannan amsa a matsayin haɗa baki don rufa wa juna asiri. A watan Nuwamba ya ba da umarnin korar mutum 167 ba tare da girmamawa ba, kuma ba a gurfanar da su a kotu sun kare kansu ba. Cikinsu har da Saje Mingo Sanders, wanda ya haura shekara 25 a bakin aiki, ya yi yaƙi a Kyuba da Filifin, fansho na gab da zuwa hannunsa. Duk ya tafi. Sanata Joseph Foraker na jihar Ohio ya tsaya musu tsayin daka a majalisa, amma da aka kafa kwamitin bincike, mutum 14 kacal aka yarda su koma aiki a 1910.

Haka maganar ta kwanta shekara sittin. A 1970 wani marubuci, John D. Weaver, ya fitar da littafi da ya warware hujjojin da aka kafa a kansu. Ɗan majalisa Augustus Hawkins ya ɗauki batun, kuma a 1972 rundunar soja ta mayar da sallamar dukkansu ta girmamawa. Sai dai an yi shuka a idon makwarwa, don kusan duk sun rasu. Dorsie Willis, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana goge takalma a shagon aski a Minneapolis, shi ya karɓi takardarsa da hannunsa a 1973 yana da shekara 87. Majalisa ta ba shi dala 25,000.

Abin lura shi ne, a zamanin su Sanders babu ofishin da soja zai je ya ce a sake duba sallamarsa. Sai dai ya samu ɗan majalisa ya kai ƙudiri na musamman saboda shi kaɗai. Dokar kula da tsofaffin soja ta 1944 ita ta kafa kwamitocin duba sallama, inda mutum yake da shekara 15 ya shigar da kokensa. A 1946 aka ƙara kwamitocin gyara bayanan soja, masu iko fiye da na farko.

To, mutanen Brownsville ba a tabbatar musu da laifi ba. Yaya wanda ya aikata laifin da gaske? Wannan tambaya yaƙin Biyetnam ne ya taso da ita. Dubban ɗaruruwan sojoji sun dawo da takarda marar kyau, wasu don gudu daga bakin aiki, wasu don shan ƙwaya ko ƙin bin umarni. A 1977 Shugaba Jimmy Carter ya buɗe shiri na musamman don sake duba takardunsu, amma a shekarar majalisa ta yi dokar da ta ce gyaran da aka samu ta wannan shiri bai isa shi kaɗai ya ba mutum haƙƙoƙin tsohon soja ba.

Sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka amince a hukumance da ciwon firgicin da ke bin wanda ya ga tashin hankali. Ma'ana, an kori mutane da yawa a kan halin da ciwo ne ya jawo shi, tun ciwon bai da suna. Duk da haka kwamitocin sun ci gaba da watsi da mafi yawan irin wannan koke. A 2014 wasu tsofaffin sojojin Biyetnam suka kai ƙara kotu, kuma a watan Satumba Sakataren Tsaro Chuck Hagel ya umarci kwamitocin su sassauta wa mai wannan ciwo. A 2017 aka faɗaɗa sassaucin ya haɗa da raunin ƙwaƙwalwa da waɗanda aka ci zarafinsu ta hanyar lalata a cikin soja.

Har gobe nauyin kawo hujja yana wuyan tsohon sojan, domin kwamiti yana farawa ne da ɗaukar cewa hukuncin farko daidai yake. Shi zai nemo takardun asibiti, shaidar abokan aikinsa, da abin da zai nuna yadda ya zauna da mutane bayan barin soja. Kuma duk wata ƙofa da aka buɗe a wannan tarihi, daga 1944 zuwa 2017, sai da waɗanda abin ya shafa da masu tsaya musu suka yi ta naci kafin hukuma ta motsa.

Mu haɗu a rubutu na gaba.