Yadda Ƙananan Na'urori Ke Ƙirga Lokaci

Mitar wuta ta kati, da na'urar POS, da na'urar da ke rubuta sanyin firjin allurar rigakafi, kowace na da ƙaramar ƙwaƙwalwa mai ƙirga lokaci. Idan lokacin ya karkace, rasit da rahoto za su fito da kwanan wata na ƙarya. Don haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a da jami'an ƙananan hukumomi bayani.

Agogo iri biyu ne a yawancin waɗannan na'urori. Na farko mai jinkiri ne, yana dogara da ɗan ƙanƙanin dutsen kwaz da ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. Idan aka raba wannan adadi biyu-biyu har sau 15, sai a samu bugu ɗaya a kowace daƙiƙa. Ba ya cin wuta sosai, ƙaramin batir mai kamar kwabo kan riƙe shi shekaru ko an ɗauke wuta. Kuskurensa kan kai kusan minti ɗaya a wata, kuma ya fi daidaito a zafin digiri 25. Tsananin zafi na sa shi jinkiri.

Na biyu mai sauri ne, yana bugawa sau miliyoyi a daƙiƙa. Yana auna gajeren lokaci dalla-dalla, amma ya fi cin wuta, kuma a wasu na'urori yakan tsaya idan ƙwaƙwalwar ta shiga hutu.

A na'urori masu amfani da manhajar Linux, kowane agogo na da maki gwargwadon ingancinsa, sai jigon manhajar ya ɗauki mafi yawan maki don ƙirga daƙiƙoƙi yayin aiki. Kwanan wata kuwa, daga agogon batir ake karanto shi a lokacin kunnawa. Idan babu wannan agogo, ko batirinsa ya mutu, wasu na'urori kan koma 1 ga Janairu, 1970.

Muna shawartar jami'ai da su tambayi mai kawo kaya: shin na'urar na da agogon batir? Tana gyara lokacinta ta intanet ko ta tauraron ɗan'adam? A ƙauyukan da sabis ba ya tsayawa, agogon batir wajibi ne. A riƙa duba kwanan wata kowane mako, a kuma ajiye na'ura a inuwa.